Malam-Buɗe-Littafi da Gandun Daji

Babu manomin da bai san malam-buɗe-littafi ba. Da zarar damina ta zauna, tafasa da rai-ɗore sun tofo a bakin hanya, sai a gan su farare da rawaya suna ta shawagi, yara na bin su da gudu. Wanda ya kai shanu mashaya da hantsi kuwa ya sha ganinsu jingim a kan danshin yashi, in an matso su watse kamar audugar rimi. Amma da za a tambayi mutum iri nawa ya sani, da ƙyar zai lasafta biyar: fari, da rawaya, da ja, da mai ɗigo-ɗigo, da babban nan baƙi mai zanen rawaya da ke kewaya itacen lemo. Galibi an ɗauke shi abin wasan yara ne kurum, tun da ba ya cizo, ba ya harbi, ba a kuwa cin sa.

Masana sun ƙidaya wajen iri 18,000 a duniya. Afirka, daga bakin Sahara zuwa kudu, tana da wajen 4,000. Afirka ta Yamma tana da kusan 1,500, Nijeriya kaɗai kuwa tana da fiye da 1,000. Ƙasar Ingila dukanta ba ta da abin da ya wuce iri 60. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan na Afirka ta Yamma ba a fili su ke zaune ba, a cikin kurmi su ke, ba su kuwa iya rayuwa a wani wuri dabam. Kurmin nan yana ƙarewa, abin da ya rage mai kyau galibi yana cikin gandayen daji waɗanda hukuma ta keɓe. Sabo da haka ma'aikatan daji su ke ƙidaya malam-buɗe-littafi, gama shi ne ke fara ba da labari in kurmi ya soma lalacewa.

Yadda ya ke rayuwa

Rayuwarsa hawa huɗu ce. Macen ta kan saka ƙwai a kan ganye, ƙanana kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Bayan 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Tsutsar nan ba ta da wani aiki sai ci. Ta ci ta ƙoshi, fatarta ta yi mata kaɗan, ta tuɓe ta, ta ci gaba da ci, har sau huɗu ko biyar. Sa'an nan ta sami reshe ko bayan ganye ta maƙale, ta ƙudundune cikin wani ɗan ƙwanso, ba ci ba motsi. A cikin ƙwanson nan ne jikinta ke sakewa sarai. Ran da lokaci ya yi ƙwanso ya tsage, mai fiffike ya fito, ya shanya fikafikansa su bushe, ya tashi. Ga irin da ke cin lemo, tun daga ƙwai har fitowar mai fiffike bai fi wata guda zuwa sati shida ba a lokacin zafi.

Babban ba ya cin ganye ko kaɗan, don ba shi da abin tauna. Bakinsa dogo ne siriri, a nannaɗe kamar gammo, sai zai sha ya miƙe shi. Da shi ya ke zuƙar ruwan zaƙin fure, ko ruwan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Waɗanda a ke gani a mashaya galibinsu maza ne, gishiri su ke nema a danshin ƙasa da inda shanu suka yi fitsari. Garin nan kuma da ke manne wa yatsa in an kama shi, ƙananan ɓawo ne jere a kan fiffike kamar jinka, su ne ke ba shi launi.

Kowace tsutsa da ganyenta

Ga inda asirin al'amarin ya ke. Tsutsar malam-buɗe-littafi ba kamar fara ba ce mai cin duk abin da ta tarar. Kowane iri da tsiron da tsutsarsa ke ci, wani iri ɗaya tak, wani 'yan dangi kaɗan. In ba ta sami nata ba sai ta mutu da yunwa, ko da tana tsakiyar ganye kore shar. Macen ta kan ɗanɗana ganye da ƙafafunta kafin ta saka ƙwai, don ta tabbata shi ne.

Akwai misalai a bakin gonar kowa. Farare da rawayan nan masu tafiya ayari-ayari, tsutsarsu tafasa da rai-ɗore ta ke ci. Wani farin mai jijiyoyi baƙaƙe, wanda ya yi yawa can arewa wajen bakin hamada, anza ce abincin tsutsarsa. Mai ruwan goro kuma, wanda bakin fiffikensa baƙi ne da ɗigon fari, a kan tumfafiya ya ke girma. Ƙaron tumfafiya yana da dafi, amma ba ya yi wa tsutsar kome, sai ma ta tara shi a jikinta har ta zama mai fiffike. Tsuntsun da ya ci ɗaya ya yi amai ba ya sake marmarin na biyu. Shi ya sa ya ke tafiyarsa sannu-sannu, ba ya gudun kowa. Akwai kuma wani iri dabam wanda ba shi da dafin, amma macensa ta ari launin mai dafin sak, tsuntsaye na ganinta su kauce, tana cin albarkacin rigar wani.

To, tun da haka ne, yawan irin malam-buɗe-littafi a wuri yana bin yawan irin tsire-tsiren wurin. In aka sare wani itace ya ƙare a daji, irin da ke rataye da shi ya tafi ke nan, ko da sauran daji na nan tsaye.

Na rana da na dare

Manomi zai ce, ai tsutsa ce ke cinye masa amfanin gona, me zai sa ya ji tausayin uwarta? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana wajen rarrabe dangi biyu. Akwai na rana, akwai na dare. Na rana, watau malam-buɗe-littafi na sosai, in ya sauka ya kan haɗa fikafikansa a tsaye kamar an rufe littafi, 'yan ƙahoninsa biyu kuma suna da ƙulli a kai kamar kan ashana. Na dare shi ne mai zuwa wajen fitila, jikinsa kauri da gashi, in ya sauka ya shimfiɗa fikafikai ko ya lulluɓe bayansa da su. Na dare sun ninka na rana sau bakwai ko takwas a yawan iri.

Manyan maɓarnatan gona kusan duk 'ya'yan na dare ne: tsutsar da ke huda karan dawa da masara, da mai cin zangarniyar gero, da mai shiga ƙwallon auduga, da baƙuwar tsutsar masara wadda ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, ta bazu ko'ina cikin Afirka. Cikin na rana kaɗan ne ƙwarai ke taɓa amfanin gona. Akwai na lemo, wanda tsutsarsa tana ƙarama ta kan yi kama da kashin tsuntsu, in ta girma ta koma kore. Tana iya tsiraita dashen lemo a wurin reno. Akwai mai cin ganyen dankali, akwai kuma wasu 'yan ƙanana shuɗi-shuɗi da tsutsarsu ke shiga furen wake da kwansonsa. Ban da irin waɗannan, ɗaruruwan da ke cikin kurmi ba ruwansu da gona, ko an kai su ba za su ci kome a cikinta ba.

Kada kuma a ɗora masa abin da ba nasa ba. Gaskiya ne yana ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, amma a wannan aiki ƙudan zuma da danginsa sun fi shi nesa ba kusa ba. Koko ma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne ke yi masa wannan aiki. Babban amfanin malam-buɗe-littafi biyu ne: tsutsarsa abincin tsuntsaye ce da ƙadangaru da zanzaro, waɗanda su ne kuma ke rage ƙwarin gona, sa'an nan shi ma'auni ne na lafiyar daji.

Abin da ya sa kurmi ya fi

Ruwan sama a Kano bai fi inci 30 zuwa 35 ba a shekara, cikin wata huɗu ko biyar. A Kalaba ya kan wuce inci 100, ba a kuwa daɗewa ba a ga ruwa ba. Inda ganye ba ya yankewa, tsutsa ba ta rasa abinci, sai a yi ta haihuwa zuriya bayan zuriya duk shekara. Na fili kuwa tilas su san dabarar rani: waɗansu su yi ƙaura, waɗansu su lafe a inuwar rafi, waɗansu ma launinsu na rani dabam da na damina, har a dā masana suka zaci iri biyu ne.

Na biyu, kurmi bene ne hawa-hawa. Can ƙoli akwai kan manyan itatuwa, irin su loko da rimi da dangin maɗaci, inda rana ke duka da iska. A tsakiya akwai matsakaitan itatuwa da igiyoyin daji. A ƙasa kuwa duhu ne da sanyi da laima, hasken da ke isowa ɗan kaɗan ne. Kowane hawa da mazaunansa. Dangin da masana ke kira Charaxes, masu ƙarfin fiffike da saurin tashi, sun fi zama sama. Dangin Euphaedra, masu kore da shuɗi da ruwan zinariya, a ƙasa su ke, suna bin 'ya'yan itacen da suka faɗo, ba su yarda su ƙetare fili mai rana. Akwai kuma wani babban dangi na 'yan ƙanana waɗanda tsutsarsu ba ta cin ganye sam, gansakukar jikin itace ta ke kankara, ba ta kuwa zama sai a itacen da wata irin tururuwa ta yi gida. In aka kayar da wannan itace, an kashe gari guda.

Na uku, daɗewa. A zamanin dā ƙwarai an yi lokatan da duniya ta bushe, kurmi ya janye ya saura tsibiri-tsibiri a wuraren da suka fi ruwa, kamar tuddan iyakar Nijeriya da Kamaru. Halittun da suka fake a kowane tsibiri suka rabu da 'yan'uwansu shekaru dubbai, har suka zama iri dabam. Har yanzu akwai alamar wannan rabuwa. Direban da ke bin hanyar Ikko zuwa Ankara, babban birnin Gana, ta Kwatano da Lome, ya san akwai inda kurmi ke yankewa, ciyawa da kuka su gangaro har bakin teku. Wannan fili ya raba kurmin yamma da na gabas, akwai kuwa iri da yawa da a ke samu a wannan gefe ba a samu a wancan.

Gandun Kuros Riba

A Nijeriya babu inda ya kai gandun daji na ƙasa da ke Jihar Kuros Riba. An kafa shi a 1991, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 4,000, kashi biyu: Oban a kudu, Okwangwo a arewa. Oban yana manne da gandun Korup na Kamaru, kurmi ɗaya ne iyaka ta ratsa. An lasafta tsire-tsire fiye da iri 1,500 a wannan gandu, a cikinsa ne kuma a ke samun gwaggon birin nan na Kuros Riba wanda saura kaɗan ya ƙare a duniya.

A 1995 wani masani mutumin Danmak, Torben Larsen, ya yi aiki a tuddan Oban, ya tattara kusan iri 600, ya kuma ƙiyasta cewa dukan abin da ke wurin zai kai wajen 950. Watau daji guda ya tara fiye da rabin abin da ke Afirka ta Yamma duka, ya kuma ninka na Ingila sau goma sha biyar. Wuraren da suka fi shi a duniya kaɗan ne, kamar gandun Manu na ƙasar Peru a Amurka ta Kudu, inda aka sami wajen 1,300. Larsen ɗin nan shi ne ya wallafa babban littafi mai juzu'i biyu a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma a 2005, wanda ma'aikata ke dubawa in za su gane iri. Ya rasu a 2015.

A irin wannan kurmi ne a ke samun wanda ya fi kowane girma a Afirka, mai suna Papilio antimachus. In ya buɗe fikafikai ya kan kai inci 7 zuwa 9, kusan taƙi guda na babban mutum. Launinsa ruwan goro ne da zanen baƙi, jikinsa da dafi. Tun 1782 aka rubuta labarinsa a Ingila. Namijin ya kan sauko shan ruwa a bakin rafi, amma macen tana can ƙolin itatuwa, ba safai a ke ganinta ba.

Bobiri da sauran gandayen Gana

Fataken goro sun san ƙasar Asante tun kakanni, goron kuwa ɗan kurmi ne, a inuwa ya ke tashi. Wajen kilomita 30 daga Kumasi, a kan hanyar Ankara, kusa da ƙauyen Kubease, akwai gandun Bobiri. An keɓe shi tun cikin shekarun 1930, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 54 ne kurum, amma an sami wajen iri 400 a cikinsa. An kasa shi kashi-kashi: wani a na yankan katako bisa ƙa'ida, wani na bincike ne a hannun cibiyar binciken daji ta Gana, wani na baƙi masu zuwa kallo, wani kuwa ba a taɓa shi ko kaɗan. Wannan tsari ya ba masana damar gwada inda aka yi sara da inda ba a yi ba, a daji ɗaya, ƙarƙashin ruwan sama ɗaya.

Gana tana da fiye da iri 900. Gandun Kakum, kusa da bakin teku, yana da fiye da 500. Tuddan Atewa su ma suna da fiye da 500, har da wani fari mai suna Mylothris atewa wanda aka raɗa wa sunan wurin. A Atewa ne al'amarin ya fito fili. Ƙarƙashin kurmin akwai ma'adinin da a ke yin sanholo da shi, kuɗi ne masu yawa. Amma daga tuddan nan ne kogin Birim da Densu da Ayensu suka ɓuɓɓugo, Densu kuwa shi ke cika madatsar Weija wadda mutanen Ankara da yawa ke sha. Ba a haƙar wannan ma'adini sai an kware daji an kwashe ƙasar sama. A 2020 ƙungiyar A Rocha ta Gana da waɗansu suka kai gwamnati ƙara a kan wannan magana. Jerin sunayen halittun da masana suka tara yana cikin hujjojin masu cewa a bar tuddan.

An ƙiyasta cewa wajen 1900 Gana tana da kurmi kimanin hekta miliyan 8. Kafin ƙarnin ya ƙare abin da ya rage bai kai miliyan 2 ba, kusan dukansa kuwa a cikin gandaye. Wanda ya bi ta wurin zai ga iyakar gandu kamar an ja layi: nan itatuwa, nan gonaki. Da ba a keɓe ba, da babu.

Yadda a ke ƙidaya

Aikin ba ya bukatar kayan tsada. Hanya ta fari, ma'aikaci ya auna wata 'yar turba cikin daji, ya riƙa bin ta da hantsi a ranakun da aka tsai da, yana rubuta duk wanda ya gani kusa da shi, wanda bai gane ba ya kama da ragar hannu ya duba. Hanya ta biyu tarko ne. A kan ɗinka gidan sauro kamar doguwar ganga, sama a rufe, a rataya faranti a ƙarƙashinsa da 'yar tazara. A zuba ayaba da aka dama aka bari ta yi tsami kwana biyu ko uku. Masu son 'ya'yan itace su shiga ta tazarar su sha, in za su tashi sai su yi sama, su makale a rufin. Kashegari a zo a ƙidaya, a rubuta, a saki mafi yawa. A kan rataya waɗansu tarkuna daidai ƙugu, waɗansu a ja su da igiya can ƙoli, gama abin da a ke samu sama dabam ne da na ƙasa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi malam-buɗe-littafi a fili ya ke. Da rana ya ke yawo, ana ganinsa, an san sunayen mafi yawa, yaron da ya gama makarantar sakandare ma zai iya koyon aikin. Babban dalili kuwa shi ne gajertar ransa. Itacen loko ya kan yi shekara ɗari a tsaye, ko da 'ya'yansa sun daina tsirowa a ƙarƙashinsa ba mai lura sai bayan zamani. Amma mai yin zuriya da yawa a shekara guda, in wuri ya ɓaci, cikin damina ɗaya ko biyu za a ga babu shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba.

Abin da ƙidayar ke nunawa

In aka sare manyan itatuwa, rufin kurmi ya huje. Rana ta shigo, iska ta shigo, ganyen da ke ƙasa ya bushe, wuta ta sami abin ci. Masu son duhu da laima su ne ke fara ɓacewa. Sai na fili, waɗanda a ke samu a kowace saura, su kwararo su maye wurin. A nan ne mai gaggawa ke ruɗewa, gama wani lokaci jimlar iri ta kan ƙaru bayan an yi sara kaɗan, sabo da baƙin da suka shigo. Kamar gari ne da 'yan asalinsa suka watse, 'yan ci-rani suka cika kasuwa: mai ƙirga kawuna zai ce gari na nan lafiya. Don haka ma'aikaci ba jimla kaɗai ya ke dubawa ba, sai ya duba su wane ne. Baƙin suna da wurin zama ko'ina, 'yan asalin kuwa in sun rasa nan ba su da wani.

An kuma gwada manyan gandaye da 'yan guntayen kurmi waɗanda mutanen ƙauyuka a Gana ke tsarewa bisa al'adarsu. Abin da aka gani shi ne guntayen ba su kai manyan yawan iri ba, amma duk da haka suna riƙe da waɗansu 'yan kurmi da ba a samu a gonakin da ke kewaye. Darasi biyu ke nan. Babban gandu ba shi da madadi. Ƙaramin kuma ba abin rainawa ba ne, musamman in akwai itatuwan bakin rafi da suka haɗa shi da wani, su zama masa hanya.

Kuɗi daga kurmi ba tare da gatari ba

Maƙwabcin gandu ya kan ga kamar an hana shi ƙasa ne kawai, ga birai da giwaye na shigar masa gona. Muddin bai ga amfani ba, dogarin daji ba zai iya tsare iyaka shi kaɗai ba. A ƙasar Kenya, kusa da garin Malindi a bakin teku, akwai gandun Arabuko-Sokoke mai faɗin wajen murabba'in kilomita 420. A 1993 aka fara wani shiri a wurin mai suna Kipepeo, watau malam-buɗe-littafi da harshen Suwahili. Aka koya wa manoman da ke bakin gandun kiwonsa. Su kama mace, su sa ta a ɗakin raga tare da tsiron da tsutsarta ke ci, ta saka ƙwai, su yi renon tsutsa har ta shiga ƙwanso. Ƙwanson nan a ke saye, a jera cikin auduga, a sa a jirgin sama zuwa Turai da Amurka, inda a ke da gidajen gilashi da mutane ke biya su shiga kallo. Sana'a ce mai son sauri, don in kaya ya yi jinkiri a hanya sai ya ƙyanƙyashe cikin akwati, an yi hasara. Tana kuma da kasuwa mai hawa da sauka. Amma mai wannan kiwo ya san iyayen kayansa da ganyen da su ke ci duk daga gandu su ke fitowa, ba sai an roƙe shi ya hana a sa masa wuta ba. A Bobiri da Kakum kuwa kuɗin shiga da aikin ja-gora ne ke shigowa.

Abin da ya shafi manomin Arewa

Arewa ba ta rasa nata kurmi ba. Akwai shi a kudancin Kaduna wajen Kagoro, akwai Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, akwai kwazazzaban gandun Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Nijeriya, daga tuddansa kuma koguna ke gangarowa zuwa Binuwai. Ban da waɗannan, kusan kowane rafi a ƙasashen Zazzau da Bauci da Neja yana da ɗan kurminsa a gaɓa. A irin waɗannan wurare a kan sami malam-buɗe-littafin kudu zaune a tsakiyar ƙasar ciyawa. Inuwar da ta riƙe shi ita ce ta riƙe idon ruwan da a ke sha da rani. Ran da aka daina ganinsa, a duba rafin.

Ga abin da kowane manomi zai iya yi ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Na ɗaya, kada a yi noma har bakin gaɓa. A bar itatuwa da sarƙaƙiya taki ashirin ko fiye a kowane gefen rafi, musamman a mafarinsa. Abin da za a samu a wannan 'yar shara bai kai zaizayar da za ta biyo baya ba.

Na biyu, wuta. Gobarar ƙarshen rani ita ke cin bakin kurmi kaɗan-kaɗan kowace shekara. A share hanyar wuta kewaye da shi tun kaka, in kuwa tilas ne a ƙona ciyawa, a ƙona da wuri tun tana da sauran laima.

Na uku, maganin feshi. Ba ya tambayar tsutsa ko ta wane gida ce, yana kashe ƙudan zuma da zanzaro tare. A duba gona tukuna a tabbata akwai ɓarnar da ta isa feshi. A yi shi da yamma in iska ta kwanta, a bi awon da aka rubuta, kada kuma a wanke tankin feshi a rafi. Tsutsar lemo a wurin reno ba ta bukatar magani, tsince ta da hannu sau biyu a sati ya isa.

Na huɗu, a bar itatuwa a gona. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya tun cikin shekarun 1980 da abin da su ke kira sassaben zamani, watau in kututture ya tofo a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Ta haka miliyoyin itatuwa suka komo gonakin Nijar ba tare da an dasa ba.

Na biyar, a girmama iyakar gandu. Itacen da aka sata a sayar, kuɗinsa na kasuwa ɗaya ne, ramin da ya bari a rufin daji kuwa sai an shekara hamsin ba a rufe shi ba. Ɗan kasuwar katako da gawayi shi ma ya tambayi inda kaya suka fito kafin ya saya.

Malaman makaranta da akawunan gundumomi suna da nasu taimako. Littafin rubutu guda ya isa. A sa yara su zaɓi turba ɗaya a bakin rafin garinsu, su bi ta sau ɗaya a wata, su rubuta launi da girma da yawan abin da suka gani, da tsiron da suka gan shi a kai. In aka yi shekara biyar ana haka, dagaci da ma'aikacin gona za su sami shaida a hannu, su san ko dajin garin yana gaba ne ko yana baya, tun rijiyoyi ba su kai ga faɗa musu ba.